Daga Gandu Zuwa Katin Inshora: Jinyar Tsofaffi da Naƙasassu a Ƙasar Yawuri

Kafin a datse kogin Kwara a Kainji, tsoho a ƙasar Yawuri bai cika tambayar wanda zai ɗauki nauyin jinyarsa ba, domin amsar tana cikin gidan da ya kwana. Gungawa, watau mazauna gungu ko tsibiri, suna zaune ne gandu-gandu. Uba da 'ya'ya da jikoki suna noman hatsi da albasa tare, suna su tare, rumbu ɗaya ke ciyar da mai ƙarfi da marar ƙarfi. Kusan haka abin yake ga Kambarin Ngaski da kuma Shangawa. Wanda gandu ya kasa ɗauka kuwa, zakka da sadaka ke tallafarsa.

Nauyin nan ba ƙarami ba ne. Baƙin ƙudan da ke haddasa makanta yana hayayyafa ne inda ruwa ke gudu da ƙarfi bisa duwatsu, ga shi kuwa mashigin Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, wuri ne irin wannan. Magidanci yakan makance yana tsakiyar ƙarfinsa, sai a ware yaro guda ya zama ɗan jagora, gona ta yi hasarar mutum biyu ke nan. Da Turawa suka kafa mulkin En'e, an riƙa cire wani abu daga haraji da jangali ana gudanar da ɗakunan shan magani. Amma ba su da yawa, kuma galibi a garuruwan hakimai suke.

An fara ginin madatsar a 1964, aka gama a 1968. Tafkin da ya taru ya shanye tsohuwar Busa da tsibirin Foge, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka masu gidajen siminti. Adalci ne a faɗi cewa ruwan ya yi wani alheri, domin ya binne duwatsun da ƙudan ke ƙyanƙyasa a kai. Daga 1987 kuma kamfanin Merck ya soma ba da maganin Mectizan kyauta. Sai dai ruwa mai kwanciya ya dace da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya. Abin da ya fi wannan muni shi ne fadamun albasa sun nutse. Ko da ma gandu ya fara rauni a ko'ina cikin ƙasar Hausa, amma a nan ƙaura ta gaggauta watsewarsa. Samari suka bi kamun kifi na kuɗi ko suka nufi birane, tsoho ya wayi gari yana da ɗakin siminti, ba shi da rumbun da zai jingina da shi.

A daidai wannan hali ne tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya iso, sa'an nan yarjejeniyar Bamako ta 1987 ta ƙarfafa sayar da magani a asibitocin karkara don kuɗin su riƙa juyawa. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 1999 ta fara aiki a 2005, ma'aikacin gwamnati mai albashi ta fi amfana. Masunci da ya tsufa ba shi da albashin da za a yanka.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ce ta buɗe wata ƙofa, da ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. A 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. A watan Mayu na 2022 kuma sabuwar dokar inshora ta wajabta tsarin a kan kowa, ta kafa asusun masu rauni, ta ambaci tsofaffi da naƙasassu a cikin waɗanda za a biya wa. A Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, hukumar KECHEMA ce ke yi wa irin waɗannan rajista, ta haɗa kowa da asibitin da zai riƙa zuwa.

Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, domin abin da a da yake sadaka yanzu ya zama haƙƙi a rubuce. Amma akwai bambanci tsakanin tsohon tsari da sabo wanda masu tsara doka a Abuja ba su cika lura da shi ba. Gandu yana iske majinyaci a kan tabarmarsa, inshora kuwa sai majinyaci ya je ya iske ta. Tsarin ya dogara ne a kan asibiti guda a kowace mazaɓa, alhali mazaɓa a bakin tafki tana iya haɗa ƙauyukan da ruwa ya raba. Makahon da ke wani ƙauye a ƙetaren Wara yana bukatar wanda zai sanar da shi an fara rajista, da wanda zai riƙe masa sanda, da kuɗin kwalekwale na mutum biyu, zuwa da dawowa. Katin yana biyan kuɗin ganin ma'aikacin lafiya da na magani, ba ya biyan ko ɗaya daga cikin waɗannan ukun.