Jitar bes mai aiki da lantarki: abin da mai saye ya kamata ya sani

Jitar bes ita ce mai kaurin murya a cikin kayan kiɗan zamani. Aikinta shi ne ɗaure ganguna da sauran kayan kiɗa, ta yadda mawaƙi da masu rawa za su sami abin takawa. Mafi yawan waƙoƙin Hausa na zamani da fiyano ake kwaikwayon wannan murya a situdiyo. Amma ƙungiyoyin da ke kiɗa kai tsaye a gaban jama'a, irin su Tal National ta Yamai da ƙungiyar Mdou Moctar, da ita kanta jitar suke aiki.

Kamfanin Fender na Amurka ne ya yaɗa ta, da samfurin Precision Bass a 1951, sannan Jazz Bass a 1960. Precision tana da kaurin wuya da murya mai nauyi wadda ba ta ɓacewa cikin amon ganguna. Jazz kuwa wuyanta siriri ne, kuma maganaɗisunta biyu masu ɗaukar sauti suna ba makaɗi damar sauya murya. A 1976 kamfanin Music Man ya fito da StingRay, wadda ke da na'urar gyara sauti mai aiki da batir a cikinta. Squier da Yamaha da Ibanez suna yin samfura masu sauƙin kuɗi da ke ɗaukar wahalar aiki.

Jita ta al'ada tana da tsirkiya huɗu. Mai biyar tana ƙara murya ta can ƙasa, sai dai ta fi faɗin wuya. Nauyin jitar bes yakan kai kilo 4, abin da kafaɗa ke shaidawa bayan sa'o'i uku a tsaye a wajen biki.

Ga makaɗin da ke Gummi ko Anka ko Bukkuyum, yanayi ya fi sunan kamfani muhimmanci. Hunturu yana busar da katako, wuyan jita ya lanƙwashe, bakin ƙarafan da ke jere a kansa su fito suna yankar hannu. Saboda haka a tabbatar sandar ƙarfen da ke cikin wuyan tana juyawa, domin da ita ake miƙe shi. Ƙura tana shiga maɓallan sauti, zafin bazara kuma yana lalata jitar da aka bari a mota. Jitar da ba ta buƙatar batir ta fi sauƙin gyara. Mai batir kuwa muryarta takan lalace ko ta ɗauke idan ya ƙare, ko da ana tsakiyar wasa.

Sai batun wuta. Lantarkin Najeriya bolt 230 ne, na Amurka 120, don haka amfilifayar gwanjo daga can tana iya ƙonewa idan aka jona ta kai tsaye. Wutar janareta ma tana hawa da sauka, na'urar daidaita wuta ta zama dole.

Mai saye a Sabon Garin Kano ko kasuwar Alaba ta Legas ya yi hattara da jabun da aka liƙa wa sunan Fender. Ya jona jitar a shagon, ya kaɗa kowace tsirkiya daga sama har ƙasa, ya saurari ƙara, kafin ya biya.