Kotun da ta Girmi Ƙuri'a: Faɗuwar Jamhuriyar Weimar da Siyasar Karkarar Kano, 1918 zuwa 1966

Tsakure

Wannan maƙala tana jayayya da ra'ayin da ya zauna daram a azuzuwan tarihi, cewa yunwa da tsadar rayuwa ne suka miƙa Jamus ga Hitila. Ta ajiye tarihin Jamus na 1918 zuwa 1933 gefe da gefe da na karkarar Kano na 1951 zuwa 1966, domin ta nuna cewa a wuraren biyu an ɗora mulkin ƙuri'a a kan kotunan da aka gada daga mulkin sarauta, kuma daga nan ɓarakar ta fara.

Gabatarwa da Bita

An kafa Daular Jamus a watan Janairun 1871. Tana da majalisa wadda maza ke zaɓa, amma shugaban gwamnati ga sarki yake ba da bahasi, soja kuwa na sarki ne shi kaɗai. Da aka ci Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Sarki Wilhelm na Biyu ya sauka a ranar 9 ga Nuwamba 1918, aka shiga jamhuriyar da aka fi sani da Weimar. Washegari sabon shugaba Friedrich Ebert ya ƙulla yarjejeniya da Janar Groener: soja za su kare gwamnati, gwamnati ba za ta taɓa hafsoshi ba. Haka aka bar alƙalai da manyan ma'aikata kowa a kujerarsa.

Bayanin da ya fi yawo a wurinmu shi ne na hauhawar farashin 1923, lokacin da dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2, sai kuma rashin aikin yi da ya kai mutum miliyan 6 a farkon 1932. Labari ne mai daɗin bayarwa, sai dai alƙaluman zaɓe ba su goyi bayansa ba. Shekara biyar bayan hauhawar farashin, a zaɓen 1928, 'yan Nazi kashi 2.6 cikin 100 kawai suka samu. Binciken Jürgen Falter na 1991 kan masu zaɓen Hitila ya nuna cewa lebura marasa aiki sun fi karkata ga 'yan kwaminis, yankunan Katolika sun turje, yayin da ƙauyukan Furotesta suka zuba masa ƙuri'a. Ko a ganiyarsu, a Yulin 1932, kashi 37.3 suka kai, a Nuwamba suka zamo zuwa 33.1. Mulkin da Hitila ya karɓa ranar 30 ga Janairu 1933, tsohon hafsan sarki ne, Shugaba Hindenburg, ya miƙa masa bisa shawarar fadawansa. Masanin tarihi Hans-Ulrich Wehler ya ɗora laifin a kan ragowar daula da ba a tumɓuke ba. David Blackbourn da Geoff Eley sun ƙalubalance shi a 1984, suna cewa an cika ɗora wa tsofaffin masu gandu abin da 'yan jari-hujja na zamani suka aikata. A fagen tattalin arziki suna da hujja. A fagen shari'a kuwa Wehler ne ke da gaskiya, kuma can wannan maƙala ta dosa. A namu ɓangaren, ayyukan Richard Sklar na 1963 da B. J. Dudley na 1968 da C. S. Whitaker na 1970 sun wadatar wajen bayyana yadda En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ta riƙe siyasar Arewa.

Hanyar Bincike

An dogara da sakamakon zaɓe da aka buga, da hukunce-hukuncen da tarihi ya adana, da ayyukan da aka ambata. An ɗauki ƙauyukan da ke tsakanin Gwarzo da Bagwai da Shanono a matsayin ma'auni, saboda ƙasa ce ta ƙananan manoma, gona na jingine da gona, inda mutum ba ya iya ɓoye wa dagaci jam'iyyarsa.

Manomi da Mai Karɓar Haraji

A Nuwamban 1928, a ƙauyen Beidenfleth na lardin Schleswig-Holstein, jami'ai suka zo kama shanun wasu manoma biyu da suka kasa biyan haraji. Maƙwabta suka fito suka tare hanya, suka cinna wuta a ciyawa, shanun suka tsinke suka koma gida. A wannan lardi ƙuri'ar 'yan Nazi ta tashi daga kashi 4 a 1928 zuwa 27 a 1930, ta kai 51 a Yulin 1932. Duk wanda ya san yadda ake bin haraji da jangali a ƙasar Kano a wancan zamani, mai unguwa na gaba ɗan doka na biye, gyaɗa kuma hukumar ciniki ce ke yanka mata farashi, zai gane wannan fushi. Amma a nan fushin bai tafi wurin masu neman kama-karya ba. NEPU ya nufa, jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, wadda kukanta shi ne a ba talaka ƙuri'a da shari'ar gaskiya. Ke nan ƙuncin manomi ba shi da alƙibla tasa ta kansa. Wanda ya riga isa ƙauye da bayani shi ke jan sa, sannan kotu ta yanke wanda za a bari ya yi bayanin.

Alƙalin da Aka Gada

A 1922 wani masanin lissafi, Emil Gumbel, ya ƙidaya kashe-kashen siyasa da aka yi a Jamus tun 1919. Ya samu 354 daga masu ra'ayin riƙau, 22 daga masu ra'ayin gurguzu. A cikin 22 ɗin an zartar da hukuncin kisa a kan mutum 10. A cikin 354 ba a kashe ko mutum ɗaya ba, 326 ma sun wuce ba hukunci. Yunƙurin juyin mulkin Kapp na Maris 1920, wanda ya kori gwamnati daga Barlin, mutum ɗaya tak ya sha ɗauri a kansa. Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne na alƙali guda, Georg Neithardt na birnin Munik.  A 1924 aka gurfanar da Hitila a gabansa bisa cin amanar ƙasa, bayan tawayen da aka rasa rayuka a cikinsa, har da 'yan sanda huɗu. Ya bar shi ya yi ta zuba jawabi na sa'o'i kamar a dandalin siyasa, ya ba shi shekara 5, ya kuma ƙi korar sa zuwa Ostiriya duk da doka ta tanadi haka ga baƙo. Kafin ƙarshen Disambar shekarar Hitila ya fito daga kurkukun Landsberg da rabin littafinsa a hannu.

A ƙasar Kano tsarin ya fi haka sauƙin gani. Tun bayan cin Kano a 1903 Turawa suka bar kotu da 'yan doka da gidan yari a hannun En'e, kuma da siyasa ta zo a 1951 ba a taɓa wannan gado ba. Zaɓen shekarar hawa-hawa aka yi shi, daga ƙauye zuwa gunduma zuwa lardi, a matakin ƙarshe kuma En'e na da ikon cusa nata mutanen har kashi 10 cikin 100. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko cikin birni, ta tashi ba kujera ko ɗaya a majalisar Kaduna. A ƙauye kuwa, mai son yin lacca sai ya nemi izini daga hukumar da yake shirin suka. In ya yi ba izini, ɗan dokan En'e ne zai kama shi, alƙalin En'e ya yi masa shari'a ba lauya, gandiroban En'e ya kulle shi, alhali hakimin yankin jigo ne a NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa. Laifin da ake rubutawa yakan zama zagin shugabanni ko tara jama'a ba izini. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta yi ta shiga da fita gidan yari, sunanta ya fito ne saboda birni ta yi gwagwarmaya. Manomin da aka ɗaure wata uku ana tsakar damina, gonarsa ta koma saura, ba wanda ya rubuta nasa. 'Yan Mahaukata, 'yan bangar NPC da ke tarwatsa taron NEPU mai alamar tauraro kuwa, ba kasafai kotu ke ganin su ba.

Za a ce kwatancin ya karye a daidai nan, kuma wannan ita ce suka mafi nauyi. Alƙalin Weimar tsarin mulkin 1919 ya ba shi 'yanci, ba mai iya tsige shi. Alƙalin Kano kuwa ma'aikacin En'e ne, ita ke naɗa shi, daga baitulmalinta yake karɓar albashi. Gaskiya ne, hanyoyin sun saɓa. To amma 'yancin da aka ba alƙalin Jamus, wa aka ba? Mutumin da ya yi karatu ya kuma yi rantsuwa a zamanin sarki, wanda yake kallon jamhuriya a matsayin 'yar juyin-juya-hali. Kariyar da aka yi domin shari'a ta zama garkuwar maƙiyan gwamnati. A wuraren biyu biyayyar kotu tana ga tsarin da ya riga akwatin zaɓe zuwa, shi ya sa wanda ke neman canji ta hanyar ƙuri'a shi ne mai laifi a idonta. Wasu kuma za su ce ai an yi gyara, tunda kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Abu Rannat, ya zauna a 1958, sabon kundin hukunta laifuka ya fara aiki a 1960. An canza littafin da alƙali ke dubawa, ba a canza uban gidansa ba. Ba kuma shari'ar Musulunci ake tuhuma a nan ba, domin su kansu 'yan NEPU, da Malam Aminu Kano a gaba, da ayoyi da hadisai suke kafa hujja a kan zaluncin kotunan. Masu cewa NPC farin jini ne ya ba ta kujeru 134 a zaɓen tarayya na 1959, NEPU ta tashi da 8, suna da rabin gaskiya, don mutane da yawa sun dangwala wa fartanya, alamar NPC, da zuciya ɗaya. Sauran rabin ba ya aunuwa, tunda ba a bar ɗaya ɓangaren ya yi magana ba, mata kuma gaba ɗaya ba su da ƙuri'a.

Ko dokar ta-ɓaci ma ta yi kama. A Yulin 1932 shugaban gwamnatin Jamus von Papen ya yi amfani da sashe na 48 ya rushe gwamnatin Furushiya ta 'yan adawa, kotun ƙasa ta yi hukuncin da ya bar mulki a hannunsa. A Mayun 1962 gwamnatin tarayya ta yi wa Jihar Yamma kusan irin haka.

Iyakokin Bincike

Dole a yarda cewa ƙarshen labaran biyu ba ɗaya ba ne. Sojojin da suka ƙwace mulki ranar 15 ga Janairu 1966 ba jam'iyya ba ce mai miliyoyin mabiya, ba su kuma zo da aƙidar ƙare wata al'umma ba irin wadda ta ci Yahudawa miliyan 6. NPC ba 'yan Nazi ba ce ta kowace fuska, kuma alƙaluman da aka yi aiki da su na lardi ne da na jiha. Wannan yana taƙaita nisan kwatancin, bai rushe shi ba.

Abin da ya biyo baya ma hujja ce. Hitila ya gaji kotunan Jamus ya ɗora musu tasa a 1934. A Arewa, gyaran da zaɓaɓɓiyar majalisa ta ƙi yi na shekara goma sha biyar, soja ne suka yi shi: tsakanin 1967 da 1968 aka karɓe kotuna daga En'e aka mai da su hannun gwamnatin jiha, daga baya aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya. Talakan Shanono a hannun mai kaki ya fara ganin alƙalin da ba yaron hakimi ba, kuma wannan ya saya wa mulkin soja mutuncin da dimokuraɗiyya ta daɗe tana biyan kuɗinsa. Aikin da ya rage yana wuyan sassan tarihi na jami'o'inmu da Gidan Mambayya: su tattaro rajistocin kotunan alƙalai na gundumomin Kano na 1951 zuwa 1966, su ƙidaya hukunce-hukuncen ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Gumbel ya yi, tun dattawan da aka ɗaure suna da sauran numfashi.