Daga CERN Zuwa Wayback: Yadda Aka Koyi Adana Shafukan Intanet

A shekarar 2013 cibiyar binciken kimiyya ta CERN, wadda ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, ta ƙudurta maido da shafin yanar gizo na farko a duniya, wanda Tim Berners-Lee ya kafa a can. Da aka tashi neman ainihinsa, kwafin da ke hannunsu na 1992 ne, wato bayan an riga an yi wa shafin gyare-gyare. Mutanen da suka ƙirƙiro yanar gizo hankalinsu na kan yadda bayani zai isa ga mai nemansa a yau, ba su tanadi hanyar da zai kai gobe ba. Idan aka gyara shafi, sabon ya hau kan tsohon. Idan mai shi ya daina biyan kuɗin ajiya, shi ke nan, ko toka ba a gani.

Sai a 1996 aka fara ɗaukar matsalar da gaske, kuma a wurare uku lokaci guda. A San Francisco, Brewster Kahle ya kafa Internet Archive, yana ciyar da ita da shafukan da kamfaninsa na Alexa ke tattarowa. Babban ɗakin karatu na Ostareliya ya soma shirin PANDORA, inda ma'aikata ke zaɓar shafukan da suke ganin sun cancanta, su nemi izinin masu su, sannan su kwafa. Ɗakin karatu na ƙasar Suwidin kuwa da shirinsa na Kulturarw3 ya ce a kwashe duk abin da ke ƙarƙashin sunan ƙasar, mai kyau da maras kyau. Ni dai ina bayan Suwidin a wannan saɓani, domin ma'aikacin 1996 ba shi da hanyar sanin abin da manazarci zai buƙata bayan shekara talatin.

Aikin kansa ba shi da wuyar fahimta. Akwai manhajar da ake ba jerin adireshi, ta shiga shafi ta kwafe shi, ta tsince duk mahaɗan da ke cikinsa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane kwafi da ranarsa da sa'arsa. A nan ma rauninsa yake. Shafin da babu wanda ya nuna shi, manhajar ba za ta san da zamansa ba. Abin da ke bayan kalmar sirri kuwa, ƙofa a rufe take. Da aka buɗe wa jama'a Wayback Machine, ƙofar duba rumbun Internet Archive, a watan Oktoba na 2001, sai wata matsalar ta bayyana. Masu shafuka suna iya ajiye ɗan umarni da ke hana manhajoji shiga, kuma Internet Archive ta daɗe tana mutunta umarnin har a kan abin da ta kwafa tun da daɗewa. Idan kamfani ya mutu, wani ya sayi adireshinsa ya sa wannan umarni, tarihin shekaru sai ya ɓoye wa masu bincike. Sai a 2017 hukumar ta bayyana cewa tana janye jiki daga wannan tsari.

Gwamnatoci sun biyo baya a hankali. An kafa ƙungiyar haɗin gwiwar masu adana intanet ta duniya a 2003, an fitar da manhajar kwafa ta Heritrix a 2004, tsarin fayil na WARC ya samu amincewar hukumar ma'auni ta duniya a 2009. Denmak ta yi dokar da ta ba ɗakin karatunta ikon kwafar shafukan ƙasar a 2005, Faransa a 2006, Birtaniya sai 2013.

Amma abin da ya canza tunanin mutane ba doka ba ce, rufe GeoCities ne. Wannan dandali da aka kafa a 1994 shi ne inda miliyoyin talakawan intanet suka fara gina shafin kansu kyauta, a cikin "unguwanni" masu sunaye irin su Hollywood da Athens. Akwai shafukan tunawa da mamata, da tarihin dangi, da waƙoƙin matasa, da bayanin cututtuka daga bakin masu fama da su. Yahoo ya saye shi a 1999 kan kuɗin da ya haura dala biliyan uku, bayan shekara goma ya ga ba riba, ya sa ranar 26 ga Oktoba, 2009 a matsayin ranar rufewa. A farkon wannan shekarar ne Jason Scott ya tara 'yan sa-kai da suka kira kansu Archive Team. Ba su tsaya neman izini ba. Suka raba adireshi a tsakaninsu, kowa ya sa kwamfutarsa tana jan shafuka dare da rana, kamar maƙwabtan da ke fitar da kaya daga gidan da ya kama da wuta. Bayan shekara guda suka saki abin da suka tsamo, kimanin gigabait 650, ga duk mai so. Ba duka suka samu ba. Duk da haka sun nuna cewa kamfani na iya share rubutun mutane na shekara goma sha biyar da sanarwa guda, kuma babu hukumar da aikinta ne ta hana.

Shafukan wiki, waɗanda kowa ke iya gyarawa, nasu sha'anin daban ne. Kwafar fuskar shafin ba ta wadatar ba, domin darajar wiki tana cikin tarihin gyare-gyarensa: wa ya rubuta me, yaushe, wa ya goge, me aka yi jayayya a kai. Ita kanta Wikipedia ta ɗanɗana wannan. Manhajar da ta fara aiki da ita a 2001 ba ta riƙe tsofaffin gyare-gyare na dogon lokaci, don haka aka ɗauka tarihin watanninta na farko ya tafi, sai a Disamban 2010 Tim Starling, ɗaya daga cikin masu kula da manhajarta, ya ci karo da tsofaffin fayiloli da ke ɗauke da shi. Yanzu Wikipedia na fitar da cikakken kwafinta a kai a kai. Ƙananan wiki na makarantu da ƙungiyoyi da masu sha'awar wani fanni su ne marayu, kuma don su aka kafa WikiTeam a 2011, da manhajar da ke zuƙo rubutu da hotuna da dukan tarihin gyara ta kai Internet Archive. Da Wikispaces, wanda malaman makaranta suka dogara da shi, ya rufe a 2018, 'yan WikiTeam ne suka yi rububin ceton abin da ke buɗe. Cuɗanni in cuɗe ka ne tsakanin Wikipedia da Internet Archive: a shekarar ce aka sanar cewa an gyara matattun mahaɗai sama da miliyan tara a Wikipedia ta hanyar mayar da su ga kwafin da ke Wayback.

Wani lokaci kwafi guda kan zama shaida. Ranar 17 ga Yuli, 2014, wani shafi a dandalin sada zumunta na VKontakte mai alaƙa da Igor Girkin, jagoran 'yan awaren gabashin Yukren, ya yi alfaharin an kakkaɓo jirgi. Da ta bayyana jirgin fasinjan Malesiya ne mai mutum 298, aka goge rubutun, amma Wayback ta riga ta ɗauka. A gefe guda kuma, binciken cibiyar Pew na 2024 ya gano kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke raye a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma.

Mu masu rubutu da Hausa abin ya fi shafar mu, ko da ba mu cika maganarsa ba. Manazarci na iya zuwa Kaduna ya nemi tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fita a 1939. Muhawarorin da marubuta da masu nazarin finafinan Hausa suka tafka a zaurukan Yahoo a farkon shekarun 2000 kuwa, kamfanin ya goge abin da ke zaurukansa kafin ya rufe su ɗungurungum a ƙarshen 2020. Littattafan da marubuta mata ke saki shafi-shafi a yau, yawancinsu a WhatsApp da rufaffun zaurukan Facebook suke yawo, inda manhajar kwafa ba ta da hanyar shiga.

Ita ma Internet Archive ba ta tsira ba. A Oktoban 2024 masu kutse suka sace bayanan masu amfani da ita kusan miliyan 31, Wayback ta yi kwanaki a rufe. Bayan shekara guda ta yi bikin cika shafi tiriliyan ɗaya a rumbunta. Watanni biyu kafin bikin, dandalin Reddit ya toshe mata mafi yawan shafukansa, bisa hujjar cewa kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna bi ta rumbun suna kwasar rubutun da shi yake sayar musu.