Na'urar bin sawun motoci a mahaƙar ma'adinai

Na'urar bin sawun motoci tsari ne da ke nuna inda kowace mota take a cikin mahaƙa, domin kada motoci su yi karo ko su take ma'aikata.

Girman motocin ne ya kawo buƙatarta. Tifa samfurin Caterpillar 797F tana ɗaukar kusan tan 360, tsayinta kuma ya haura mita 7. Direban da ke zaune can sama ba ya ganin ƙaramar mota ko mutumin da ke kusa da tayoyi, musamman ta dama da ta baya. Ga ƙura, ga aikin dare.

A mahaƙar da ke fili, irin ta uraniyom ta SOMAÏR a Arlit, GPS na iya aiki. Inda ake amfani da tsarin, kowace mota tana aika wa na kusa da ita wurin da take, gudunta da inda ta dosa, ta hanyar rediyo. Kwamfutar da ke ɗakin direba sai ta lissafa ko hanyoyinsu za su haɗu. Ana ƙara rada da kyamara don gano abin da ba ya ɗauke da na'ura.

A ƙarƙashin ƙasa kuwa saƙon tauraron ɗan Adam ba ya shiga. Can injin ne ke kewaye kansa da da'irar maganaɗisu, ma'aikaci kuma yana ɗauke da ƙaramar na'ura a fitilar hularsa ko a bel ɗinsa. Da ya shiga da'irar, ƙararrawa za ta buga.

Ƙungiyar EMESRT, ta manyan kamfanonin haƙar ma'adinai, ta kasa kariya daga karo mataki 9. A na 7 na'ura tana faɗakar da direba, a na 8 tana gaya masa abin da zai yi, a na 9 ita ce ke taka birki. Amurka ta wajabta irin wannan na'ura a 2015 kan injunan yankan kwal na ƙarƙashin ƙasa. Afirka ta Kudu kuma, tun Disamba 2022, ta wajabta wa motocin mahaƙa masu gazuwal su rage gudu su tsaya da kansu.

Sai dai na'urar tana da rauni. Idan ƙararrawa ta yawaita bugawa babu dalili, direba yakan daina kula ta. Shi ya sa har yanzu matakin farko shi ne raba hanyar manyan motoci da ta ƙanana da ta masu tafiya a ƙafa.