Harafin Japananci Da Aka Samo Daga "Babu"

Wani mai sauraronmu da ke sayar da kayan babur a kasuwar Funtuwa ya rubuto mana cewa gardama ta sarƙe tsakaninsa da maƙwabcinsa a kan wasu haruffa uku da ke jikin kwali, ホンダ. Maƙwabcin ya ce rubutun Sin ne, saboda haka kayan jabu ne, shi kuwa ya ce na Japan ne. Yana so ya san gaskiya, yana kuma tambayar ma'anar harafin da ke tsakiya.

To Malam, gaisuwa mai yawa. Kai ne ka ci gardama, rubutun Japan ne, kuma abin da ya ce shi ne "Honda". Amma kada ka saki jiki, don mai buga jabu ma ya iya buga haruffa. Na tsakiyar, ン, sautinsa "n". Yana da ɗan'uwa da ake rubutawa ん, mai kama da ƙaramin "h" na boko in an rubuta shi da sauri. Sautinsu ɗaya, sai dai Japanawa jerin haruffa biyu gare su: katakana, inda ン yake, da hiragana, inda ん yake.

Kowane jeri na da haruffa 46, kuma kusan kowane harafi gaɓa ce cikakkiya, baƙi da wasalinsa: ka, ki, ku, ke, ko. Wannan kaɗai ne baƙi tsura, ba wasali. In ka yi karatun allo, ka ɗauke shi kamar nun mai ɗauri.

Asali Japanawa ba su da rubutun kansu. Daga Sin suka aro, ta hanyar Koriya, wajen ƙarni na 5, kamar dai yadda kakanninmu suka ari haruffan Larabci suka yi ajami. Rubutun Sin yana da wahala, harafi ɗaya sai ka ja layi goma ko fiye. A zamanin Heian, wato daga 794 zuwa 1185, masu rubutu suka riƙa gaggauta hannu har haruffan suka sirance suka zama hiragana. Matan fada ne suka fi amfani da shi, shi ya sa aka yi masa laƙabi da "hannun mata". A cikin wannan sirancewa ne ん ya fito daga harafin Sin 无, wanda ma'anarsa "babu". Japanawa ba ma'anar suka ɗauka ba, sautinsa suka ɗauka, wato "mu".

Sunan kuwa ya bi shi, don ya daɗe ana yi kamar babu shi. Marubutan Heian sau da yawa sukan furta "n" a baki, amma in sun zo rubutu sai su tsallake, mai karatu ya cike da kansa. Waƙar Iroha, wadda yara suka yi ɗaruruwan shekaru suna haddace haruffa da ita, kuma mafi tsufan kwafinta na 1079 ne, haruffa 47 ta tara, ba ん a ciki.

Har malamai suka yi rigima a kansa. Wajen 1786, Motoori Norinaga, likita kuma babban masanin tsofaffin littattafai, ya ce Japanawan farko ba su san wannan sauti ba, "mu" suke cewa, "n" gurɓacewar harshe ce ta baya. Ueda Akinari na Osaka, marubucin labarai wanda ya taɓa riƙe shagon mai da takarda kafin gobara ta cinye shi a 1771, ya ce atafau sautin yana nan tun da, harafin rubuta shi ne babu. Masana harshe na yau sun fi karkata ga Norinaga a kan tarihin. Amma ni dai raina ya fi kwanciya da ɗan kasuwan, don bai yarda a kira abin da ke bakin jama'a ƙazanta ba. Sai a 1900, da gwamnati ta tsai da siffa ɗaya ga kowane sauti saboda makarantun firamare, aka raba gari: む ya riƙe "mu", ん ya riƙe "n".

Wajen furuci, Bahaushe ba zai sha wuya ba. Mu ma mukan rubuta "gidan Bala" mu ce "gidam Bala". Haka Japanawa ke rubuta shinbun, wato jarida, su ce "shimbun". Bambancin shi ne su suna ba shi lokacinsa cikakke, don haka Honda bugu uku ne a kunnensu: ho, n, da.

Manoma kuma ga naku. A ranar da dare ya fi tsawo a shekara, cikin Disamba, akwai al'adar cin abincin da sunansa ke da "n", kamar ninjin, wato karas, da nankin, wato kabewa, saboda kalmar sa'a a harshensu ita ce un.

Yara kuwa tsoronsa suke ji. Suna da wasa mai suna shiritori: ka faɗi kalma, na gaba ya kawo wata da ta fara da gaɓar ƙarshe ta taka. Duk wanda ya faɗi kalmar da ta ƙare da ん ya faɗi wasan, don a daidaitaccen Japananci ba kalmar gida da ke farawa da shi. Sai masu wayo suka leƙa taswirar duniya suka samo mafita a nan kusa da mu. In aboki ya yi suɓutar baki, ana so wasa ya ci gaba, sai wani ya yi wuf ya ce ンジャメナ, wato Njamena, babban birnin Chadi.