Baƙin Agusta da abin da ya biyo baya

A watan Agusta na 1927 gwamnatin jihar Queensland ta ƙasar Ostireliya ta ba maharba izinin wata guda su shiga daji farautar kowala. Kafin watan ya ƙare, fatu kusan 600,000 sun isa hannun dillalai. Wannan lissafin fata ne kawai, ban da 'ya'yan da suka mutu a jakar cikin iyayensu. Har yau Baƙin Agusta ake kiran watan.

Kiran abin farauta ma kara aka yi masa. Kowala dabba ce mai sanyin jiki, ba ta fi ɗan akuya girma ba, tana wuni maƙale a reshe tana sharar barci, wani lokaci har awa ashirin. Ganyen bishiyar turare, irin wadda ake shukawa a ƙasar Hausa don tare iska, shi ne kusan dukan abincinta. Maharbi sai dai ya tsaya a gindin bishiya ya saita bindiga. Wanda ba shi da harsashi ya sa guba ko tarkon waya. Fatar kuwa ga laushi ga ɗumi, shi ya sa aka riƙa lodinta zuwa Landan da Amurka ana ɗinka huluna da safar hannu. Tun a 1919 Queensland ta taɓa buɗe irin wannan ƙofa, aka kashe kimanin miliyan ɗaya.

Hujjar gwamnati a 1927 ita ce fari da rashin aikin yi a karkara. Jama'a ba su karɓa ba. Jaridu suka cika da wasiƙun Allah wadai, kuma daga wannan shekara ba a sake buɗe farautar ba. A shekarar ce ma aka kafa gidan renon kowala na Lone Pine a Brisbane.

A kudu kuwa an riga an yi ɓarna, sai aka koma ga tsibirai. A shekarun 1920 aka ɗebi kowala ƙasa da ashirin daga tsibirin French aka kai tsibirin Kangaroo. Babu maharbi, ga ganye a wadace, suka hayayyafa har suka kai dubbai, suka cinye bishiyoyin da ke ciyar da su. Abin dariya abin takaici: daga 1997 hukuma ta koma yi musu aikin hana haihuwa. Gobarar dajin 2019 zuwa 2020 ta zo ta lashe mafi yawansu.

Masu kashe kowala a yau ba sa riƙe da bindiga. Ana sare daji don kiwo da gidaje da tituna, dabbar ta sauko ƙasa neman wata bishiya, mota ko kare su gama da ita. Ga kuma cutar kilamidiya, mai makantar da ido, mai lalata mafitsara, mai hana mace haihuwa. Maganinta ma da ƙura, domin yana kashe ƙwayoyin hanjin da ke narkar da ganyen turare, sai dabba ta warke daga cuta ta rame da yunwa. Asibitin kowala na Port Macquarie, wanda aka buɗe a 1973, ya daɗe yana fama da wannan.

A Fabrairun 2022 gwamnatin tarayya ta sa kowalar Queensland da New South Wales da yankin babban birni cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa. A Satumban 2025 aka amince da rigakafin kilamidiya da masana Jami'ar Sunshine Coast suka shafe sama da shekara goma suna haɗawa. Allura ɗaya ce tak, da gangan: kowala ta dawa sai an lallaɓo ta daga ƙololuwar bishiya kafin a yi mata, kuma ba kowa ke samun sa'ar kama ta sau biyu ba.