Magungunan Feftayid: Mene Ne Su, Me Suke Warkarwa, Kuma Me Ba Sa Yi?

Jama'a, a 'yan shekarun nan da wuya a zauna hira a gidan suna ko na biki a Landan, Jidda ko Niyok ba a ta da zancen allurar rage ƙiba ba. Wasu daga cikinmu likita ya ɗora su a kanta saboda ciwon sukari, wasu kuma 'yan uwa ne ke bugo musu waya daga gida suna roƙon a aiko musu da ita. Ga kuma masu talla a intanet suna cewa suna da allurar da ke mayar da tsoho yaro. Dukkan waɗannan ana kiransu da suna guda, wato feftayid. Wannan bayani zai nuna abin da sunan ke nufi, da waɗanda aka gwada aka tabbatar, da waɗanda har yanzu zance ne kawai, domin kada mutum ya yi asarar kuɗinsa da lafiyarsa.

Mene ne feftayid?

Jikin ɗan Adam yana gina tsoka da fata da sauran sassansa ne da wasu ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid. Mai karatu ya ɗauke su kamar 'ya'yan carbi. Idan aka jera su a zare ɗaya, gajeren jeri, daga biyu zuwa kamar hamsin, shi ne feftayid. Idan jerin ya yi tsawo ya naɗe, sai a kira shi furotin.

Da yawa daga cikin waɗannan gajerun jeri 'yan aike ne a cikin jiki. Wani sashe na jiki zai saki feftayid cikin jini, ya je ya sami wani sashe ya gaya masa abin da zai yi: ɗauki sukari, daina jin yunwa, matse mahaifa, gina ƙashi. Kowanne yana da wurin da yake shiga, kamar makulli da kwaɗonsa. Wannan ne ya sa suke yin aiki daidai wurin da ake so. Amma suna da rauni biyu. Na farko, ciki yana narkar da su kamar yadda yake narkar da nama, shi ya sa akasarinsu allura ne ba ƙwaya ba. Na biyu, zafi yana lalata su, shi ya sa ake ajiye su a firji.

Taƙaitaccen tarihi

Kakan waɗannan magunguna shi ne insulin, mai amino asid 51. A shekarar 1921 ne Frederick Banting da Charles Best suka ciro shi a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada. A watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson allurarsa, kuma ya rayu. Kafin wannan lokaci, yaron da ya kamu da ciwon sukari nau'i na ɗaya ba ya daɗewa a duniya.

A 1953 Vincent du Vigneaud ya haɗa oksitosin a ɗakin gwaji a Amurka, wanda shi ne sinadarin da ke sa mahaifa ta matse. A 1963 Bruce Merrifield ya fito da hanyar jera amino asid ɗaya bayan ɗaya cikin sauƙi, abin da ya buɗe ƙofar haɗa feftayid da yawa. Dukkansu biyu sun sami kyautar Nobel.

Shekaru da dama ana ciro insulin ne daga jikin shanu da aladu. A 1982 aka amince da insulin irin na ɗan Adam wanda ake sa ƙwayoyin bakteriya su samar da shi, mai suna Humulin. Kusan duk insulin da ake bayarwa a asibitoci a yau daga bakteriya ko yis yake fitowa, ba daga dabba ba. Saboda haka mai damuwa da wannan batu ya kwantar da hankalinsa.

Ciwon sukari da ƙiba

Idan mutum ya ci abinci, hanjinsa yana sakin wani feftayid da ake kira GLP-1. Aikinsa uku ne: yana sa jiki ya saki insulin idan sukari ya hau, yana rage saurin fitar abinci daga ciki, yana kuma gaya wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Matsalarsa ita ce cikin kamar minti biyu jiki ya rushe shi, don haka ba ya yiwuwa a matsayin magani.

Mafita ta fito ne daga inda ba a zata ba. A 1992 wani likita a Niyok mai suna John Eng ya ba da rahoton wani sinadari a dafin wani ƙadangare na hamadar kudu maso yammacin Amurka, wanda ke aiki kamar GLP-1 amma ya fi shi daɗewa a jini. Daga nan aka sami maganin eksenatayid, wanda aka amince da shi a 2005. Bayan haka kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ya fito da semagulutayid, wanda allura ɗaya ke kai mako guda. Ana sayar da shi da sunan Ozempic domin ciwon sukari tun 2017, da ƙwayar Rybelsus tun 2019, da Wegovy domin ƙiba tun 2021. Kamfanin Eli Lilly na Amurka kuma ya fito da tirzefatayid mai suna Mounjaro a 2022, wanda ke kwaikwayon 'yan aike biyu a lokaci guda.

An gwada su a kan dubban mutane. A gwajin da aka buga a 2021, masu ƙiba da suka yi allurar semagulutayid tsawon mako 68 sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, yayin da waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki suka rage kamar kashi 2 da rabi. A gwajin tirzefatayid na 2022, masu karɓar mafi yawan awo sun rage kimanin kashi 21 cikin 100 a mako 72. A 2023 wani gwaji mai mutane fiye da 17,000 masu ƙiba da ciwon zuciya ya nuna raguwar kashi 20 cikin 100 a bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu. A 2024 kuma aka ga yana kare ƙodar masu ciwon sukari. A watan Satumbar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa waɗannan magunguna cikin jerin muhimman magunguna, domin masu ciwon sukari nau'i na biyu da ke da ƙiba tare da ciwon zuciya ko na ƙoda.

To amma akwai abin da masu talla ba sa faɗa. Waɗanda suka daina allurar bayan gwajin 2021, cikin shekara guda kusan kashi biyu bisa uku na nauyin da suka rage ya dawo. Wato magani ne na dogon lokaci kamar na hawan jini, ba abin da za a yi wata biyu kafin biki a ajiye ba.

Mazauna Birtaniya su lura cewa hukumomin lafiya na ƙasar suna auna ƙibar baƙar fata 'yan asalin Afirka da ma'aunin da ya fi na Turawa ƙasa, 27.5 maimakon 30 a lissafin nauyi da tsawo, saboda ciwon sukari yana kama mu tun ba mu kai ƙibarsu ba. Yana da kyau mutum ya tuna wa likitansa wannan.

Illoli da waɗanda bai kamata su yi ba

Abin da aka fi samu shi ne tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin ciki, musamman a makonnin farko. Shi ya sa likita ke farawa da ɗan kaɗan yana ƙarawa sannu a hankali. Wasu kan sami tsakuwa a matsarmama. Wasu 'yan kaɗan kuma sukan sami kumburin fankiriyas, wato sashen da ke bayan tumbi mai samar da insulin. Alamarsa ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya, kuma wannan na garzayawa asibiti ne nan take.

Mai ciki da mai shayarwa ba sa yin allurar, kuma mai neman haihuwa ana so ta daina semagulutayid wata biyu kafin ɗaukar ciki. Tirzefatayid na iya rage ƙarfin ƙwayar tsarin iyali. Wanda a danginsa akwai wani nau'in sankarar ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod ya gaya wa likita tukuna. Wanda za a yi wa tiyata ya sanar cewa yana allurar, domin abinci na daɗewa a cikinsa. Dattawa kuma su sani cewa ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har da tsoka, don haka sai an haɗa da cin wake, ƙwai, kifi ko nama da motsa jiki. Mai amfani da insulin da ke niyyar azumi ya ga likita tun kafin Ramadan a daidaita masa awo.

Sauran ayyukan feftayid

Ba sukari da ƙiba kaɗai ba ne. Oksitosin, mai amino asid 9 kacal, shi ne allurar da ake yi wa mace da zarar ta haihu domin hana zubar jini, kuma ya ceci mata marasa adadi. Sai dai yana buƙatar sanyi, abin da ke wahala a asibitocin da ba wutar lantarki. A 2018 aka buga sakamakon wani gwaji na Hukumar Lafiya ta Duniya a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe 10, ciki har da Nijeriya, wanda ya nuna cewa ɗan uwansa mai jure zafi, karbetosin, yana hana zubar jini kamar shi. Akwai kuma lufurolayid da ake yi wa maza masu sankarar furosta, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara, tun 1985. Akwai terifaratayid, wanda tun 2002 ake ba tsofaffi masu raunin ƙashi domin rage karaya.

Batun tsufa

A nan ne ruɗu ya fi yawa. A 1990 wani likita a Amurka mai suna Daniel Rudman ya yi wa dattawa 12 allurar sinadarin girma tsawon wata shida, sai tsokarsu ta ƙaru kitsensu ya ragu. Daga wannan ɗan ƙaramin gwaji kasuwar hana tsufa ta taso. Binciken da ya biyo baya ya nuna canjin kaɗan ne, ga kumburin jiki da ciwon gaɓoɓi da barazanar ciwon sukari. A Amurka laifi ne a sayar da sinadarin girma domin hana tsufa.

Yanzu kuma ana tallar wasu masu sunaye kamar BPC-157, ana cewa suna warkar da jijiya da gaɓoɓi su sabunta jiki. Akasarin abin da aka sani a kansu daga gwajin ɓeraye ne, ba a yi musu manyan gwaje-gwajen mutane irin waɗanda aka ambata a sama ba. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta BPC-157 a 2022. Sau da yawa a jikin kwalbar an rubuta cewa don bincike kawai ne, ba don mutum ba. Mai sayarwa ya wanke hannunsa ke nan, duk abin da ya faru mai saye ne ya jawo wa kansa.

Ko ingantattun ma suna da iyaka. A watan Nuwambar 2025 Novo Nordisk ya sanar cewa ƙwayar semagulutayid ba ta rage saurin cutar mantuwa ta Alzheimer ba a manyan gwaje-gwaje biyu. A taƙaice dai, akwai feftayid da ke maganin wasu cututtukan da ke zuwa da shekaru, kamar raunin ƙashi da ciwon zuciya da na ƙoda, amma babu wanda aka tabbatar yana tsayar da tsufa kansa.

Hattara da jabu

Tsadar waɗannan allurai da yawan masu nemansu sun jawo 'yan damfara. A watan Oktoban 2023 an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi allurar Ozempic na jabu, kuma alamu sun nuna insulin aka zuba a ciki. Insulin ga wanda ba ya buƙatarsa yana iya sa sukari ya faɗi har mutum ya suma ko ya mutu. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi bayan an kama na jabu a Birazil da Birtaniya da Amurka.

Shawara ga iyalai

Kada a sayi allura a Facebook ko WhatsApp ko wurin gyaran gashi. A karɓa daga kantin magani mai rajista da takardar likita.

Kada a ba wani allurar da aka rubuta wa mutum, ko da ɗan uwa ne na jini, kuma kada mutum biyu su yi amfani da alƙalamin allura ɗaya.

Idan 'yan uwa a gida suka nemi a aiko musu, abin da ya fi alheri shi ne a biya musu kuɗin ganin likita da gwajin jini, likitan da ke ganinsu ya yanke shawara, a kuma duba ko za a iya ci gaba da saye wata bayan wata.

Mai tafiya da insulin ko irinsa ya riƙe shi a jakar hannu tare da takardar likita, domin a ɗakin kaya na jirgi yana iya daskarewa, kuma wanda ya daskare ya lalace. Wanda ba a buɗe ba wurinsa firji ne, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Akasarin insulin da aka fara amfani da shi yana kai mako huɗu a inuwa. Inda ba firji, a sa shi a leda a ɗaure a ajiye cikin randa ko tulu mai sanyi, nesa da rana.

Wanda ke da tambaya a kan maganinsa ya kai ta ga likita ko ma'aikacin kantin magani, ya tafi da kwalin a hannu. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.